Hoton Arba'in ɗin Metodi

Ni ban ce Spaska ta kashe mijina ba. Ciwo ne ya kashe shi, duk ƙauyen nan an sani. Abin da na ce, kuma zan maimaita shi a gaban kowa, ita ta kashe kwamfutarsa, kuma har yau ba ta buɗe baki ta ce ita ce ba.

Spaska yayar mijina Metodi ce. Shekararta tamanin da ɗaya. Na yi shekara arba'in da shida da ƙaninta, amma har gobe "amarya" take ce mini, sai ka ce jiya aka sauke ni a ƙofar gidansu. Sunana Nevena, ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Kwamfutar, 'yarmu Rumyana ce ta kawo ta, shekarar da ta bar Balgeriya ta tafi Sifaniya aikin jinyar tsofaffin wasu. Tun a lokacin tsohuwa ce, wani ofis ne ya gaji da ita. Farin akwati ne da ya koma rawaya, yana zaune a ƙarƙashin tebur a ɗakin baƙi, allon gilashinsa kuma a sama. Metodi ya koye ta don ya riƙa ganin jikokinsa, daga baya ya koma buga karta da ita da duba ko za a yi ruwa. Ni tsakanina da ita tsumman shara ne.

Doka ɗaya ce a kanta, ba a kashe ta. Yakan ce, "Nevena, in kika kashe ta ba za ta tashi ba, irina ce." Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ya durƙusa da abin busar da gashin Rumyana, ya yi ta hura mata iska mai zafi ta baya har ta yarda ta kama. Shekaru fankarta na ƙara a gidan nan kamar zuma a cikin kwalba, har kunnena ya daina jin ta.

A fuskar allon akwai hoto guda. Rumyana ce ta ɗauke shi a wata kakar inabi, ranar da santsi ya kwashe ni na faɗa cikin kwamin matse inabi da zanena da komai. Metodi na tsaye a ƙarƙashin rumfar inabi, hula ta koma ƙeya, baki buɗe, yana ƙyaƙyata dariya. Ni yake yi wa. Bayan shekara biyu ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace ya koma gefe. Shekara shida ya yi a haka, kuma bai ƙara dariya a gaban mutane ba, in ta zo masa sai ya sa hannu ya rufe.

Takardar rasuwarsa da aka manna a ƙofar gida da jikin itacen bakin shago da ƙofar coci, a gurguje aka buga ta. Masu shirya jana'iza suka ɗauki hoton katin shaidarsa, baki a karkace, ido ɗaya a lumshe. Duk wanda ya wuce haka zai gan shi. Na haɗiye, na ce ba komai, takardar kwana arba'in tawa ce. Ita za ta zauna a ƙofar nan har wata shida, kuma a kanta sai mutanen ƙauyenmu Orehak sun ga Metodi yana dariya. Wannan kaɗai na sa a gaba.

Ranar da ya rasu, da safe, tun ba a ɗaure masa haɓa ba, Spaska ta iso da ƙunshin tsummoki a hammata. Ta rufe madubin kabad, ta rufe talabijin, ta rufe gilashin ma'ajiyar kwanuka. Wannan ban ga laifinta ba, haka ake yi. Kwana arba'in kurwar mamaci na zagaya gidansa, ba a so ya ga kansa a gilashi ya maƙale. Amma da ta zo kan kwamfuta tsummokinta sun ƙare, sai ta jawo bargon gashin akuyan da uwarsu ta saƙa, wanda mutum biyu ke kama shi in za a kaɗe, ta lulluɓa wa teburin gaba ɗaya har ƙasa, ta cusa gefensa ta baya kamar mai naɗe jariri. Ni ina ɗaya ɗakin wajen gawa, ban gani ba.

Rana ta uku muka dawo daga makabarta, mun zuba wa kabarin ruwa da ruwan inabi. Ina shiga ɗakin baƙi wani ƙauri ya buge ni, irin na roba in ta faɗa murhu.

Na ce, "Yaya, ba ki jin ƙauri?"

Ta ce, "Kyandir ne, amarya. Kwana uku ana ƙona kyandir, me kike so ki ji, furen wardi?"

Na tsaya. Sai a lokacin na gane abin da ke damuna tun jiya. Gidan ya yi tsit, ƙarar fankar nan babu ita. Na miƙa hannu zan ɗaga bargon, ta make mini hannu, ni da shekara sittin da takwas.

"Ke! Kin haukace? In ya maƙale a ciki, ke za ki shiga ki fito da shi?"

"Abin nan a kunne yake, Yaya. Ba a kashe shi."

"Mai gidan ma ya mutu, balle akwati. Sake shi."

Ba zan ɓoye ba, na sake shi, don na ji tsoro. Ni ma uwata haka ta koya mini.

Sai rana ta tara, da aka gama addu'a ta tattara ta koma gidanta, na durƙusa na ɗage gefen bargon ta ƙasa. Gilashin ban taɓa shi ba, yana nan a rufe. Akwatin kawai na jawo. Bayansa ya yi baƙi, ramukan da iska ke fita sun toshe da gashin akuya. Na danna maɓallin da nake ganin Metodi na dannawa, shiru. Na ɗauko abin busar da gashi na yi ta hura masa har gwiwoyina suka sage, shiru.

Na kira Rumyana, wadda tun rana ta huɗu ta koma bakin aikinta. Na ce ta turo hoton daga kyamarar da ta ɗauke shi da ita.

Ta ce, "Mama, wace kyamara? An sace ta tun ina gidan da na fara aiki. Ai yana cikin kwamfutar Baba."

Na ce to, na kashe wayar, don ban so ta ji muryata.

Motar gari sau biyu take zuwa mana a mako, Talata da Juma'a. Na naɗe akwatin a zanen tebur, na sa a jakar cefane mai taya. Direban ya taya ni ɗagawa yana nishi.

"Goggo Nevena, murhu za ki kai kasuwa?"

"Kai dai ja motarka. In ka jefa ni rami ya fashe, sai na fasa maka kai."

Wajen Plamen na kai shi. Shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene a bayan tasha. A da talabijin yake gyarawa, yanzu ya koma wayoyi. Ya haura hamsin, ga tumbi, ga tabarau a ƙarshen hanci. Na san uwarsa, tare muka yi shekaru muna sarƙa ganyen taba a zare.

Ya kwance gefen akwatin, ya kai hanci, ya ja da baya. Ya ciro wani ɗan ƙaramin akwati na ƙarfe mai fanka, wayoyi na reto a jikinsa kamar hanjin kaza.

Ya ce, "Kin ga wannan, Goggo? Akwatin wuta ke nan. Shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa rabonsa a ciki. Dama ya tsufa, dubi 'yan gwangwanayen nan yadda suka kumbura. Amma wannan ba tsufa kaɗai ba ne, dahuwa ya yi. Wa ya toshe masa hanci?"

Na faɗa masa. Bai yi dariya ba, ya dai cire tabarau ya goge.

"Allah ya gafarta wa Kawu Metodi. Goggo, gaskiya wannan ta gama aikinta. Ki ce Rumyana ta turo miki ƙarama."

"Ni kwamfuta na ce maka ina so? Me zan yi da ita, in dafa wake a kai? Mijina na ciki, shi za ka fito mini da shi."

Ya ce hoton ba a akwatin da ya ƙone yake ba. Ya nuna mini wani abu mai kama da gwangwanin kifi, ya ce wannan ne faifan ajiya, komai na cikinsa, in dai akwatin wutar bai watsa masa mugunyar wuta ba lokacin da yake mutuwa. Ya ce matsalar, faifan tsohon yayi ne, babu injin da ke shagonsa da bakinsu zai haɗu, dole sai an tayar da ita kanta kwamfutar, kuma irin akwatin wutarta an daina yi tun ɗansa na goye. Sai dai a nema a cikin tarkace.

"Ki dawo Juma'a."

Na dawo Juma'a. Ya samo ɗaya a wajen mai tsofaffin ƙarafa, ya jona, shi ma matacce ne. Na dawo Talata, ya ce wani abokinsa a wani gari ya yi alkawari. Na dawo Juma'a, abokin ya tafi biki. A nan na buɗe masa wuta, har mai sayar da burodi na maƙwabta ta leƙo.

"Kai Plamen, da uwarka na da rai da ta ja maka kunnen nan. Wayoyin 'yan mata ka iya shafawa, aikin maza ya gagare ka. Ka san kwana nawa ya rage?"

"Na sani, Goggo, ina ƙirgawa."

"Ƙarya kake, ba ka ƙirgawa. Ba naka ba ne ya mutu."

Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Daga baya na tuna matarsa ba ta fi shekara biyu da rasuwa ba, takardar rasuwarta na nan a jikin ƙofar shagon, na wuce ta sau huɗu. Ban ba shi haƙuri ba. Da na dawo na kawo masa kwalbar zuma, ya gane.

Matar da ke buga takardu a kusa da kasuwa ta riga ta gaya mini, in ina so mutane su ga sanarwa kafin ranar, to Talatar ƙarshe in kawo hoto. Arba'in ranar Asabar za ta kama. Talatar nan ita ce rana ta talatin da shida.

Ana saura kwana biyu kafin Talatar, Spaska ta zo, tana dogara sanda, da wani abu naɗe a hankici. Ta ajiye a kan teburin kicin ta buɗe. Hoton wani yaro ne cikin kakin soja, kai a aske, kunnuwa a baje.

"Ga hoto nan, amarya. Ki daina yawon gari da baƙaƙen kaya, mutane na magana."

"Wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne? Ƙanina ne. Shekararsa goma sha tara."

"Ban san shi ba. Ni ban auri wannan yaron ba."

"Ya fi kyau a nan. Lokacin ba a fara wahalar da shi ba."

"Wa ya wahalar da shi? Faɗi mana, bakinki ai ba a karkace yake ba."

Ta ce ita ba faɗa ya kawo ta ba. Na ce to ta zauna in gaya mata abin da mai gyara ya ce, bargonta ne ya dafa akwatin. Ta ce mai gyara ɗan wa, yaushe aka haife shi da zai koya mata yadda ake rufe gidan mamaci. Ta naɗe sojanta ta tafi. Ko kofin da na zuba mata ba ta taɓa ba.

Ranar Talata na tarar da kwamfutar a kan teburin Plamen, ciki a buɗe. A gefenta ga wani akwatin wuta duk tsatsa, ya ce daga ɗakin tarkacen wata makaranta aka tono masa shi jiya. Bai ma shiga gurbinsa ba, a waje ya ajiye shi ya miƙa wayoyin ciki. Ya kulle ƙofar shago, ya ba ni kujera.

"Ban kunna ba, na jira ki. Wataƙila sau ɗaya za ta ba mu."

Ya danna. Fankar ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa, sai ta kama. Da na ji ƙarar nan sai da na riƙe gefen kujera. Amma a ƙarƙashinta akwai wata ƙara da ban sani ba, ƙas, ƙas, ƙas, daga cikin gwangwanin kifin nan. Na ga Plamen ya ciji leɓe.

"Mene ne?"

"Wutar ta taɓa shi. Goggo, don Allah kar ki yi magana yanzu."

Allon shagonsa ya kawo rubuce-rubuce. Ya yi ta dannawa, ya jira, ya danna, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya soka wani ɗan abu kamar yatsa a jikin akwatin, ya ce a nan zai kwashe. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Can ya ce, "Ga shi."

Hoton daga sama ya fara saukowa, a hankali, kamar ana sauke labule. Ganyen inabi. Hularsa a ƙeya. Goshinsa. Idanunsa, duka biyun daidai, sun ƙanƙance don dariya. Karan hancinsa. Daga nan sai toka. Tun daga ƙasan hanci har ƙarshen hoton, fili ne launin toka, shafal, babu komai.

Na ce, "Jira, bai gama saukowa ba."

Ya ce, "Ya gama."

Ya sake gwadawa, a nan ya tsaya. A karo na uku ƙas-ƙas ɗin ya yi sauri, ya yi wani ɗan kuka, ya ɗauke. Fankar na ta juyawa abinta, amma faifan ya mutu. Plamen ya zare wayar bango da kansa.

Ya juyo ya dube ni. Sai ya ce, a hankali, wai yanzu akwai dabara, a waya ma ana yi, za a iya zana masa baki ya yi kamar gaske, ba mai ganewa.

Na ce, "Bakin wa?"

"To, ai... baki dai, mai dariya."

"Bakin wani ƙato za ka liƙa wa mijina in manna a ƙofata? Ba ni abina yadda yake."

Matar buga takardu ta duba, ta dube ni. Ta ce hoton ya lalace, bari ta yanke tokar ta bar idanun kawai, ko in kawo wani. Na ce haka za ta buga, da tokar da komai. Ta ce mutane za su ce ita ce ba ta iya aiki ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, duk wanda ya tambaya zan gaya masa ko aikin wane ne. Ta buga mini ashirin.

Da na sauka daga mota ban ko shiga gida ba. Na ɓamɓare tsohuwar takarda daga ƙofa na manna sabuwa. Na manna a itacen bakin shago, na manna a ƙofar coci, da wurin jiran mota, da bakin famfo. Ta ƙarshe na manna a ƙofar gidan Spaska, daidai tsayin idonta. Kafin Juma'a babu wanda bai tare ni ba. Me ya sami hoton Metodi? Na ce a je a tambayi yayarsa da bargon uwarsu.

Ranar Asabar aka taru a bakin kabari. Limamin coci ya yi addu'a, aka daidaita ƙasar kabarin, na ɗauki tiren dafaffiyar alkama ina zuba wa kowa a kofi, kowa na karɓa yana cewa Allah ya gafarta masa. Da na zo kan Spaska ta miƙo hannu, na riƙe cokalin.

"Yaya, ga mutane nan, ga shi nan kwance. Ki faɗa."

"In faɗi me, amarya?"

"Ki ce ke kika yi. Ba na son komai a wurinki, ba na son haƙuri ma. Ki ce, ni ce na rufe shi ya ƙone."

Ta dube ni ido cikin ido.

"Na yi abin da ake yi. Yana shekara huɗu uwarmu ta kwanta ciwo, ni na goye shi, ni na yi masa wanka. Ba zan bar shi ya maƙale a gilashi don ki sami abin kallo ba. Da za a sake, haka zan sake yi."

"To ki ce ke ce."

Liman ya matso yana cewa, "Haba Nevena, yau ranar sallamarsa ce, ku bar shi ya tafi lafiya." Na ce masa ya tsaya a kan littafinsa. Spaska ta janye hannunta, ta juya, ta bi ta tsakanin kaburbura da sandarta. Ba ta ci alkamar ƙaninta ba. Na ɗauka zan ji sanyi, ban ji ba. Na ƙarasa rabon, na koma gida na cire tsummokin.

Takardar tana nan a ƙofarta, ba ta yage ba. Maƙwabciyarta ta ce har leda ta sa mata saboda ruwa. Amma ba ta zo ba, ni ma ban je ba.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Metodi yana da haƙori ɗaya a sama da ya ɗan gutsure, in ya yi dariya sosai ake ganinsa. Makon jiya ina tsaye a ƙofa ina kallon tokar nan, ina so in cika ta da kaina, sai na rasa ko a dama haƙorin yake ko a hagu. Na kira Rumyana, ta ce dama. Ni zuciyata na ce mini hagu. Da na matsa mata sai ta ce ita ma ba ta da tabbas, ta fashe da kuka.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya sani. Tana wurin ranar da ya faɗo daga kan katanga ya gutsure shi, ita ta wanke masa jinin. Gidanta bai fi taku ɗari biyu da nawa ba. Ba zan tambaye ta ba sai ta ce ita ce. Duk wanda ya karanta wannan a Orehak, ya je ya gaya mata, kuma ya gaya mata ta yi sauri, shekararta tamanin da ɗaya.